Tambaya a kan tsofaffin duwatsun gilashi da muka gada daga kakarmu

Maman Sadiƙ, Yakasai

Assalamu alaikum. Kakata ta wajen uwa ta rasu bayan Babbar Sallah tana da shekara 90 da 'yan kai, kuma da aka zo fitar da kayanta domin rabon gado sai aka tarar da wani tsohon adudu a ƙarƙashin gadonta, cikinsa da wata ƙaramar kwalla cike da duwatsun wuya, kowane iri an ƙunshe shi a tsummansa daban. Akwai igiya biyu ta wasu manya, ruwan ɗorawa da kore, ba su da sheƙi ko kaɗan, jikinsu duk ƙananan ramuka kamar fuskar wanda ya yi agana, bakinsu kuma a shafe yake. Akwai dogaye masu zanen furanni kala-kala, da wasu guda 5 shuɗɗa masu siffar ganga waɗanda idan aka dube su ta baki za a ga tauraro ja da fari, sannan da jajaye da mahaifiyata ta ce dutsen adon nan ne da ake kira tsakiya. A can ƙasan kwallar kuma akwai 'yan ƙwallayen gilashi guda 8 marasa huda, irin waɗanda yara suke wasa da su.

Wani dillali da maƙwabciyarmu ta kawo ya taya duka a kan naira dubu 60, ya ce tarkacen kwalba ne kawai, na ce albarka, domin na lura cewa duk tsawon zamansa shuɗɗan nan biyar yake ta juyawa a hannu. Ya kuma ce masu ruwan ɗorawan a nan Kano aka yi su, shi ya sa Turawa suke kiransu da sunan Kano. Ina neman wanda ya san harkar ya bayyana mini yadda ake bambanta tsoho da sabo, da gaskiyar maganar cewa aikin Kano ne, da kuma hanyar da ta dace a sayar, domin a cikin magada akwai marayu biyu, ba na son a ci haƙƙinsu ta hannuna.

Tsohon Ɗan Kurmi

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. 'Yata, kin yi daidai da kika ce albarka. Na yi shekaru ina wannan sana'a a Kasuwar Kurmi kafin ƙafa ta zaunar da ni a gida, kuma abu na farko da zan roƙe ki shi ne kada ki wanke su da omo ko ki goge su da soson ƙarfe, kada kuma ki tsinke igiyar da suke ciki, domin mai saye na ƙwarai yana karanta dattin da ke cikin kafar dutse, wato hudarsa, da tsohon kirtanin da aka zura masa kamar yadda malami yake karanta allo.

Ki fara da tabbatar da cewa gilashi ne. Ki ɗora dutsen a kumatunki: gilashi da dutse suna da sanyi da nauyi, roba kuwa ba ta da ko ɗaya, kuma idan kika ƙwanƙwasa shi a hankali a haƙori za ki ji ƙara mai kaifi. Bayan haka ki kunna fitilar waya ki duba bakin kafar. Dutsen da ya yi shekaru aru-aru a wuyan mata, zare ya ci bakinsa har ya yi sumul, wani lokaci ma kafar takan karkata gefe guda inda nauyi yake rataya, sannan inda yake gogar ɗan'uwansa yakan lotsa. Sabon da aka yi jiya bakinsa kaifi gare shi, kuma sau da yawa za ki ga wani farin gari a cikin kafar wanda yake fita idan aka sa tsinke. 'Yan jabu sukan birkiɗa sabo a cikin yashi ko su binne shi domin ya yi kama da tsoho, amma ƙarcen da suke samu iri ɗaya ne a ko'ina, alhali cin zare yana da wurinsa.

Shuɗɗan da suka ɗauke hankalin dillalin, ki zauna a inda haske yake ki ƙirga launukan da suke jere daga kafar zuwa waje. Idan shida ne ko huɗu, kuma bakin a kewaye yake sumul, to na baya-bayan nan ne a cikin tsofaffi, suna da kuɗinsu amma ba abin tayar da hankali ba. Idan kuwa kika ƙirga bakwai, na can ciki kore ne garai-garai kamar kwalbar lemo, bakin kuma an fafe shi fuska-fuska maimakon a kewaye shi, to ki mayar da su cikin tsumma ki kulle, domin ɗaya daga cikinsu mai lafiya yana iya fin sauran abin da ke cikin kwallar gaba ɗaya. Jajayen kuma ki shafa su da farce daga baki zuwa baki. Tsakiya ta gaskiya dutse ce da aka wasa, launinta ba ya zama bai ɗaya, ana ganin jijiyoyi a ciki. Idan kika ji wani siririn layi ya ratsa tsawonta, to gilashi ne da aka matse a mazubi domin ya yi kama da ita.

Game da ciniki, kada ki yarda a yi miki kuɗin goro. Kowane iri a taya shi daban, kuma a kai wa mutum uku waɗanda ba rumfarsu ɗaya ba, a rana daban-daban, tare da namiji guda daga cikin magada ya zama shaida. A yanke la'adar dillali tun kafin ya ɗauki kaya, kuma kada a bar ko dutse ɗaya ya kwana a hannunsa ba tare da an ɗauki hotonsa an ƙirga ba, domin musanya tsoho da sabo a cikin igiya aikin minti biyu ne.

Malamin Tarihi, Gwale

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, bai bar mini komai ba a fannin dubawa, sai dai in amsa tambayar asali. Hajiya, dillalin ya faɗi rabin gaskiya. Masu tara irin waɗannan kaya a Turai da Amurka suna kiran manyan nan masu ramuka da sunan Kano, amma ba a Kano aka yi su ba. Aikin birnin Alkhalil ne na Falasɗinu, wanda Turawa suke kira Hebron, inda aka daɗe da sanin sana'ar narka gilashi. Sukan naɗe narkakken gilashin a jikin sandar ƙarfe kai tsaye daga tanderu, shi ya sa kafarsu take da faɗi kuma babu biyu da suke daidai da juna. Daga can fatake suka riƙa kai su Masar, suka gangara da su Sudan har Darfur da Wadai, inda mata suka daɗe suna ado da su. Wani jami'in mulkin mallaka na Ingila a Darfur mai suna A. J. Arkell ya rubuta a 1937 cewa a lokacinsa matan can sun daina yayinsu, suna sayar da su da araha ga fataken Hausawa. Mutanenmu ne suka wasa bakunansu domin su zauna daidai a igiya, wanda shi ne shafaffen bakin da kika gani, suka kawo su nan, daga nan kuma suka bazu, har wanda ya saya daga baya ya ɗauka garin da ya same su shi ne garin da aka ƙera su. Duk wanda ya san cewa alhazanmu na dā ta Chadi da Darfur suke bi a ƙasa, wasu su yi shekaru a hanya suna fatauci, ba zai yi mamakin ganinsu a adudun tsohuwa a Yakasai ba. Da za ki tambayi manyan gidanku ko akwai wanda ya yi hajjin ƙasa a cikin kakanni, wataƙila a nan bakin zaren yake.

Shuɗɗan masu tauraro da dogaye masu furanni kuwa aikin Benis ne ta ƙasar Italiya, musamman tsibirin Murano, inda aka tattara masu aikin gilashi tun 1291. An fara yin masu tauraron a ƙarshen ƙarni na 15, wato kusan zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 kuma ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma masu launi bakwai da Baba ya ambata su ne na wannan zubi na farko. Masu launi shida da huɗu, da masu furannin, yawancinsu na ƙarni na 19 ne da farkon na 20, an yi su da yawan gaske domin kasuwannin Afirka. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa duwatsun ado na Benis a cikin kayan da ayari yake kawowa daga Tarabulus, tare da takarda da allurai da ruwan takubba. Masu layin mazubi kuma galibi daga Bohemiya suke, yankin garin Jablonec a ƙasar Cek ta yau.

Hajiya Nnawo, Fagge

Ina neman afuwar Malam, amma kada a tafi Italiya da Falasɗinu a manta da gida. Ni Banufiya ce, kuma a unguwar Masaga ta Bida har gobe ana narka gilashi ana yin duwatsu da awarwaro. A dā da yashi da kanwa suke haɗa nasu baƙin gilashin, daga baya suka koma narka kwalabe, kuma kayansu sun daɗe suna zuwa Kano. Idan a cikin korayen akwai masu ɗan sheƙi waɗanda haske yake ratsawa, launinsu irin na kwalba, to ki ware su, domin na Alkhalil haske ba ya wuce su. Sannan ina so in ɗan rage wa 'yar'uwata buri, don kada magada su ji ana ambaton ƙarni na 15 su soma lissafin filaye. Tsufa kaɗai ba ya kawo kuɗi. Abin da yake kawowa shi ne ƙarancin irin, da lafiyar dutsen, da cikar igiya. Masu furannin nan an zubo su Afirka buhu-buhu, kuma wanda ya ɓantare ko ya tsage darajarsa ta faɗi warwas ko da shekarunsa nawa ne.

Injiniya, Gyaɗi-Gyaɗi

Tunda babu wanda ya taɓa ƙwallayen wasan, bari in ce wani abu, domin su ma suna da masu tara su. Yaya, ki mirgina kowace a tsakanin yatsu ki nemi tabo. Waɗanda aka yi da hannu a Jamus, a garin Lauscha, tun daga tsakiyar ƙarni na 19, ana yanko su ne daga doguwar sandar gilashi mai zaren launi a ciki, saboda haka kowace tana da ɗan wuri mai kaushi a sama da ƙasa inda aka yanke ta, zaren launin kuma yana murɗawa daga wannan tabo zuwa wancan. Su ne masu daraja. A farkon ƙarni na 20 aka ƙirƙiro injin yin su a jihar Ohio ta Amurka, daga nan suka zama sumul ba tabo. Idan kuwa naki garai-garai ne da wani abu kamar ganye mai launi a tsakiya, irin wanda ake kwatantawa da idon kyanwa, to waɗannan bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka cika duniya, da farko daga Japan, kuma ki bar wa Sadiƙ ya yi wasa da su.

Maman Sadiƙ, Yakasai

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na ƙirga da safe ni da kawuna: huɗu daga cikin shuɗɗan launi shida ne, amma na biyar, wanda ya fi ƙanƙanta kuma ya fi dusashewa, na ga kore a can ciki kuma bakinsa yana da fuskoki, sai dai ya ɗan ɓantare a gefe guda. Jajayen duka suna da layi in ban da uku. Ƙwallayen kuma shida masu ganye ne, biyu suna da tabon da Injiniya ya faɗa. Malam, na tambayi mahaifiyata, ta ce kakan kakarmu ya yi shekara bakwai a hanyar Makka, kuma a gidan ana kiransa da laƙabin Sudan. Tambayata ta ƙarshe ita ce, ɗan kawuna da yake karatu a waje ya ce a aika masa ya sayar ta intanet. Shin hakan ya halatta a doka?

Malamin Tarihi, Gwale

Kada a aika tukuna. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya sai da takardar izini, kuma hukumar ce take da ikon cewa wannan ya shiga cikin dokar, wancan bai shiga ba. Gidan Makama a ƙarƙashinta yake, ga shi nan kusa da ku, saboda haka ki ɗauki hotunan kowane iri, da na bakin ɗan ƙaramin nan daga kusa, ki je da kawunki ku nuna wa ma'aikatan kafin a yi maganar aikawa ko ta sayarwa.

Tsohon Ɗan Kurmi

'Yata, ɗan ƙaramin ki cire shi daga cikin 'yan'uwansa yau ɗin nan, ki naɗe shi a auduga ki sa a batta shi kaɗai, domin ɓantararren baki ba ya son gogayya. Idan dillalin ya dawo, ki nuna masa huɗun, ki ji abin da zai tambaya.