Neman Kalma: Me Za Mu Kira "Esfosha" da Hausa?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu koyon ɗaukar hoto da malamanmu masana harshe. Na buɗe wannan zance ne domin mu tsayar da magana a kan wata kalma da ta daɗe tana ba mu wahala a nan Jos, wato abin da Turawa ke kira exposure, wanda a bakinmu ya koma "esfosha". Duk ranar Asabar da muka fita atisaye, ko a gindin duwatsun Shere ko a harabar gidan tarihi, sai an nanata wannan kalma, amma idan aka tambayi sabon ɗalibi ma'anarta sai ya nuna maɓalli a jikin kyamara, alhali kuwa ba sunan maɓalli ba ne. Abin da take nufi shi ne yawan hasken da ya shiga ta gilashin kyamara ya sauka a kan fim ko sensa (farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamarar zamani), tun daga lokacin da aka buɗe masa hanya har zuwa lokacin da aka rufe.

Abin da ya tunzura ni ya faru ne a wajen wani ɗaurin aure a Gangare. Wani ƙanena da nake koya wa aikin ya ɗauki waliyyin amarya, dattijo baƙi sanye da farar shadda da ta sha bugu, yana tsaye cikin ranar hantsi. Da muka duba hoton a bayan kyamara sai muka ga rigar ta yi toka-toka kamar an wanke ta da ruwan kududdufi, fuskar dattijon kuwa ta nutse cikin duhu, idanunsa ma da ƙyar ake gane su. Na ce masa ya ƙara esfosha, sai ya kunna filasha. Na sake faɗa, sai ya matsa kusa. A ƙarshe na gaji na ce masa, "Hoton nan bai sha haske ba, bar shi ya ƙara sha." Nan take ya kai yatsa kan maɓallin ƙari da ragi ya ɗaga shi, fuskar ta fito, shaddar ta koma fara. Tun daga ranar nake juya wannan magana a raina.

Kafin in kawo hujjata, bari in bi ta kan kalmomin da aka riga aka kawo. Masu duba ƙamus sukan ba da "fallasa" ko "tonawa", waɗannan kuwa na asiri ne, ba su da wurin zama a nan. Wasu sun ce "buɗewa", wadda ta kama gefe guda na aikin ta bar tsawon lokaci a waje, domin ana iya buɗe ƙofa kaɗan a daɗe, ana kuma iya wangale ta a rufe nan da nan.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce "shanya", wadda wata malama mai koyar da Hausa ta kawo, kuma hujjarta tana da ƙarfi. Asalin kalmar Turancin ajiye abu ne a fili domin wani abu ya same shi, kamar yadda ake baza barkono ko danƙo a rana. Tarihi ma yana bayanta, domin hoto mafi tsufa na kyamara da ya rage a duniya, wanda wani Bafaranshe mai suna Niépce ya ɗauka ta tagar gidansa a Faransa wajen 1826 ko 1827, an yi shi ne a kan faranti da aka shafa wa wani nau'in kwalta, aka bar shi yana fuskantar rana aƙalla awa 8. Farantin nan ma akasarinsa kuza ne, irin wanda aka haƙa a tudun nan namu. Wannan kam shanya ce sosai. Sai dai, Malama, da dukkan girmamawa, ina da ja guda biyu. Bahaushe yana shanya ne domin abu ya fitar da danshinsa, hoto kuwa karɓa yake yi. Sannan kunnen Bahaushe yana jin daɗewa a cikin shanya, shi ya sa wanda aka bari yana jira yakan ce an shanya shi, saboda haka ba na jin bakinmu zai amince da kiran kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa shanya.

Shawarata ita ce "shan haske". Mun saba cewa yadi ya sha baba a karofi, miya ta sha mai, bango ya sha rana, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da marini ya san cewa duhun rinin ya dogara ne da ƙarfin baba da kuma yawan tsomawa. Hoto ma haka yake, ƙarfin hasken da ya shigo da tsawon lokacin da ya samu su ne suke haɗuwa su ba da abin da ya sha. Babban alherin kalmar a wurina shi ne aikatau ne a cikinta, ana iya sarrafa ta yadda aka ga dama a tsakiyar aiki. Malami zai ce wa ɗalibi hoton bai sha ba, ko ya sha daidai, ko ya sha ya wuce kima, ko kuwa ka rage masa sha, ba tare da ya tsaya fassara ba. Ta kuma zauna lafiya da kalmomin da tsofaffin masu hoto suka bar mana tun zamanin wankin fim, waɗanda har yau suke cewa hoto ya ƙone idan fari ya cinye shi, ko ya yi duhu idan haske ya gaza.

Wani yayanmu da ya daɗe yana hoton biki a wajen Terminus ya yi mini gyara mai kyau. Ya ce idan Bahaushe ya ce riga ta sha aiki, yawa yake nufi, don haka "hoto ya sha haske" za a ji shi tamkar hasken ya yi yawa. Yaya, na yarda da rabin maganarka. A jimlar da ta tsaya haka kawai, lallai ana jin ƙamshin yawa, amma sunan aikin kansa ba ya ɗauke da wannan, kamar yadda likita zai tambayi yadda shan ruwan majinyaci yake, a amsa masa da kaɗan ko da yawa. Maganin abin shi ne mu riƙa cika jimlar, mu ce daidai, ko kaɗan, ko fiye da kima, wanda dama haka mai koyarwa ya kamata ya yi.

Akwai kuma waɗanda suka fi son "awon haske", kuma ina roƙon kada mu jefar da ita, domin tana da nata aikin. A cikin kusan kowace kyamarar zamani akwai ma'aunin da ke duba wurin da aka nufa ya yanke shawarar abin da hoton zai sha, kuma an gina shi ne a kan zaton cewa idan aka gauraya fari da baƙin kowane wuri za a samu ruwan toka matsakaici, wanda ake kwatanta shi da abin da ke mayar da kimanin kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Wannan zato ne ya cuci hoton dattijon nan. Ma'aunin ya ga farar shadda ta cika fili, ya ɗauka haske ne ya yi yawa, ya rage sha domin ya mayar da fari toka, sai fuska mai duhu ta biya kuɗin. Mu da muke ɗaukar baƙar fata cikin fararen kaya kowace Juma'a da kowace Sallah, dole ɗalibinmu ya iya rarrabe abu biyun nan da bakinsa: awo aikin ma'auni ne kuma yana iya kuskure, sha kuwa abin da ya auku ne a kan sensa. Idan kalma guda ta ɗauki duka biyun, ba za mu iya ce masa awon ya yi ƙarya, ka ƙara shan da hannunka ba.

Idan an amince da wannan, sauran kalmomin za su biyo da sauƙi. Ramin da ke cikin gilashi, mai faɗaɗa da tsukewa kamar ƙwayar ido, wanda muke kira "afaca", ina ganin "kafar haske" ta dace da shi. Na san matsalarta, cewa masu rubutu a waya ba sa bambanta kafa da ƙafa, amma kalmar haske da ke biye tana raba gardama. Lambobinta ne suke ruɗa ɗalibai, domin ƙaramar lamba ita ce babbar kafa. Dalili shi ne lambar rabawa ce: gilashi mai milimita 50 idan aka sa shi a f/2 faɗin kafarsa milimita 25 ne, a f/4 kuwa milimita 12.5, wanda hasken da zai wuce ta ciki rubu'in na farko ne.

Ita kuwa "shata", wato shutter, na'urar da ke buɗe wa haske hanya ta rufe, ba na son mu are ta ko kaɗan, tunda muna da tamu shata ta jan layi da iyaka. Abin da ke cikin yawancin kyamarori labule ne guda biyu, ɗaya ya yaye ɗaya ya biyo ya rufe, saboda haka na'urar mu kira ta labule, aikinta kuma ƙiftawa. Ƙiftawa mai sauri, kamar 1/1000 na daƙiƙa, tana tsayar da ɗan acaɓa cak a kan titin Bauchi, mai nauyi kuwa, kamar 1/30, za ta mayar da shi dishi-dishi, har rawar hannun mai ɗauka ma tana iya bayyana.

Abin da ke haɗa kafa da ƙiftawa shi ne ninki ko rabi, kuma "mataki" ya wadatar a kansa. Daga f/16 zuwa f/11 mataki ɗaya ne, haske ya ninka, haka daga f/11 zuwa f/8, zuwa f/5.6. Daga 1/125 zuwa 1/250 ma mataki ɗaya ne, amma haske ya koma rabi. Tsohuwar ƙa'idar masu fim ta ce a rana tsaka mai ƙarfi, da ISO 100 (lambar da ke nuna ƙarfin amsawar fim ko sensa ga haske), a sa f/16 da 1/125. To idan aka buɗe kafa zuwa f/8, an ƙara mataki biyu, sai a mayar da ƙiftawa 1/500 a rage biyun. Shan haske bai canza ba, amma bayan mutum ya fi narkewa, motsi kuma ya fi tsayawa. Ku lura an faɗi wannan duka da Hausa ba tare da an yi tuntuɓe ba. A watannin hunturu, lokacin da hazo ya rufe garin nan, ƙa'idar takan buƙaci ƙarin mataki ɗaya ko fiye.

ISO kam ina ganin mu bar shi yadda yake. Sunan ƙungiyar ƙa'idoji ta duniya ne, wadda ta haɗe tsofaffin ma'aunan ASA na Amurka da DIN na Jamus tun 1974, kuma haruffan nan uku su ne rubuce a jikin yawancin kyamarori. Amma a nan ne na fi ganin amfanin kalmar da nake ba da shawara, domin tana hana wani kuskure da kusan kowane ɗalibi ke yi. Ɗaga ISO daga 100 zuwa 3200 ba ya ƙara ko ɗigon haske a kan sensa, ɗan abin da aka sha ne ake kambamawa, shi ya sa hoton da aka ɗauka a cikin zaure bayan magariba yake fitowa da tsaki-tsaki a wuraren duhu. Ɗalibin da ya riƙe "sha" a kansa zai tambayi kansa ko hoton nan ya sha ne da gaske ko kuwa kumbura shi aka yi, sai ya fara neman taga ko ya buɗe kafa kafin ya taɓa ISO.

Wuri ɗaya ne ƙiftawa ta gaza mini, wato idan aka ɗora kyamara a kan mazauninta mai ƙafa uku aka bar labule a buɗe rabin daƙiƙa ko daƙiƙa 30, domin ruwa ya fito kamar zaren auduga ko fitilun motoci su zama layi. Wannan ba ƙifta ba ce, kuma a nan ne nake ganin shanyar Malama za ta iya dawowa, ko da yake wani ɗalibinmu ya fi son "dogon sha". Ranar Asabar mai zuwa za mu je magangarar ruwan Assop da ke kan hanyar Akwanga, kuma na yi niyyar koyar da darasin gaba ɗaya da waɗannan kalmomi, in saurara in ji wacce daga cikin biyun ɗalibai za su maimaita da kansu idan sun juya suna yi wa juna bayani. Ina roƙon Malama da Yaya su samu zuwa, ko su turo gyaransu kafin ranar Juma'a.