Neman kalma: me za mu kira "onboarding" da Hausa?

Assalamu alaikum, jama'a. Wata kalma ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun makon jiya, na ce bari in kawo ta gaban masu harshe. Ni ke kula da harkar ma'aikata a wani ƙaramin kamfanin sarrafa shinkafa a Kano. Maigida ya ce in rubuta masa da Hausa abin da muke kashewa a kan kowane sabon ma'aikaci, daga talla har ranar da hannunsa zai faɗa. Na rubuta ɗaukar aiki, na rubuta horarwa, sai na iso kan abin da Turawa ke kira "onboarding", biro ya tsaya.

Abin da suke nufi da ita shi ne kwanakin nan na farko bayan mutum ya karɓi takardar kama aiki: a nuna masa wurin zamansa, a gabatar da shi ga abokan aiki, a buɗe masa asusun albashi da na fansho, a ba shi kayan aiki, a faɗa masa wa zai tambaya in ya rikice, da abin da ake yi a gidan da abin da ba a yi. Asalin kalmar daga hawa jirgi ne. Wani ƙanena ya ce to mu ce "ɗorawa a jirgi". Ban karɓa ba. Bahaushe in ya ce jirgi ɗaya ya kwaso su, hali ɗaya yake nufi, kuma sau da yawa ba yabo ba ne.

Da na fara tambaya, wasunku sun turo mini shawarwari: "horo", "bita", "shigarwa" da "saukar baƙo". Kafin in shiga cikinsu, ga dalilin da ya sa na damu. Bara mun ɗauki wani matashi mai difloma ya riƙe mana sito. Mun biya kuɗin talla, na yi kwana biyu ina tace takardu, manaja da akanta suka bar aikinsu yini guda suna yi wa mutum shida tambayoyi. Ranar Litinin da ya zo kama aiki, maigadi ya hana shi shiga, don ba wanda ya kai sunansa bakin ƙofa. Ya zauna a kan benci daga ƙarfe takwas har wajen sha ɗaya, da fayil ɗinsa a kan cinya, sanye da farar shadda da ya sha guga. Da ya shiga aka miƙa masa makullai da littafi, shi ke nan. Ba wanda ya gaya masa cewa karyayyar shinkafa littafinta daban. A mako na uku lissafi ya nuna buhu 12 sun ɓace, aka ɗaga masa murya a gaban leburori. Buhunan suna nan a jibge, rubutun ne ya tafi littafin da bai san da shi ba. Ya karɓi albashin wata, bai dawo ba. Laifin namu ne, nawa a ciki, kuma har yau in na wuce bencin nan sai na tuna shi.

Da na koma kan kasafin wannan shekarar, na ga layin ɗauka da layin horarwa, amma abin da ya kashe mu ba shi da layi, saboda ba mu da sunan da za mu rubuta shi da shi.

Malam, kai da ka kawo "horo", Allah ya ƙara sani, amma ka yi mini haƙuri. Horarwa koyar da sana'ar ce kanta, kuma tana da gidanta. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971 da hedikwata a Jos, yana karɓar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin shekara daga kamfanonin da doka ta hau kansu, kuma wanda ya horar da mutanensa bisa ƙa'ida yana iya neman a mayar masa da wani kaso. Yaron da na ba ku labari ya iya lissafin sito tun daga makaranta, gidan ne bai sani ba. Ban da haka, horo a kunnen Bahaushe yana da ɗaci. Alƙali na cewa ɗauri da horo mai tsanani, uba na horon ɗa in ya yi laifi. Ka ce wa sabon ma'aikaci gobe za a fara yi maka horo, ka ga yadda fuskarsa za ta canza.

"Bita" ma an kawo ta. Bita ta wanda ya riga ya sani ce, ya koma ya sake bi. "Shigarwa" kuwa ta yi fāɗi da yawa: ana shigar da ƙara, ana shigar da kaya, ana shigar da kuɗi banki.

Hajiya, shawararki ce ta fi daɗe mini a rai. "Saukar baƙo" tana da ɗumi, tana ɗauke da ruwan sha da tabarma da sakin fuska, kuma rabin abin da muke nema ke nan. Na kusa in rubuta ta. Abin da ya tsayar da ni shi ne baƙo raɓa ne, ana sauke shi ne da sanin zai tafi. Mu kuwa so muke ya zama ɗan gida. Kuma mai masauki ba ya ɗora wa baƙo makullin sito.

Sai na bar ofis na tafi kasuwa da tunanina. A Kantin Kwari in an kawo wa maigida sabon yaron shago, ba a zaunar da shi a aji. Babban yaro ake haɗa shi da shi. Shi zai nuna masa ina shadda take ina atamfa, yadda ake ninke yadi bayan mai saye ya watsa shi ya tafi, wane dillali ake ba kaya ya tafi da su, wane ne sai ya ajiye kuɗi, da farashin da ba a sauka ƙasa da shi ko da an yi ta rantsuwa. Bayan wata ɗaya ko biyu sai ka ji maigida ya ce, "Ai ya san makama." A garejin kanikawa ma haka, kafin a bar ɗan koyo ya taɓa inji sai ya san sifana mai lamba 10 daga mai lamba 12, ya san inda ake mayar da kowacce.

Makama. Daga kama ta fito, wurin da hannu ke riƙe abu, kamar yadda mazauni ya fito daga zama. Wanda ya rasa makama ya ga abin, yana da ƙarfin ɗauka, bai dai san ta ina zai riƙe ba. Wannan shi ne ciwon sabon shiga daidai. Kuma kunnenmu ya saba da ita. A rediyo kullum ana cewa sanin makamar aiki, ko a kan ɗaliban da ke zuwa kamfanoni a ƙarƙashin shirin SIWES, ko a kan mako ukun da masu yi wa ƙasa hidima ke yi a sansani kafin a rarraba su. Sai dai "sanin makama" daga ɓangaren ma'aikaci take kallon abin, shi ne zai sani. Kalmar da muke nema nauyi ce a wuyan mai ɗauka. Don haka shawarata: nuna makama.

Na gwada ta a baki kafin in kawo muku, don kalmar da ba ta shiga zance gawa ce. "An nuna masa makama?" "Wa ke nuna wa sabuwar akanta makama?" "Makon nuna makama ne, kar a ɗora masa lissafin ƙarshen wata." "Nawa muka ware na nuna makama?" Duk sun zauna. Na faɗa wa shugaban leburorinmu, wanda bai yi boko ba, ban ƙara masa bayani ko ɗaya ba, ya ce, "To ai sai a haɗa shi da tsohon hannu." Ya gane har ya ba da hanya.

Wani ɗan'uwa ya ce kalma biyu ce, ta yi tsawo. Ɗaukar aiki ma biyu ce, ba wanda ya taɓa kuka da ita. Wani kuma ya ce za ta rikice da sarautar Makama. Ranka ya daɗe, mun daɗe muna da Gidan Makama a Kano muna kuma cewa makamar aiki, ban taɓa jin wanda ya haɗa su ba.

Kar kuma a haɗa ta da lokacin gwaji. A aikin gwamnatin tarayya gwajin shekara 2 ne kafin a tabbatar da mutum, a kamfanoni galibi wata 3 ko 6. A gwaji ma'aikaci ake aunawa. A nuna makama mu ake aunawa, kuma zalunci ne a fara ƙirga wa mutum kwanakin gwaji alhali ba a nuna masa komai ba.

Kuɗinta ba ɓoyayye ba ne in an zauna an lissafa. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. A kan albashi akwai kashi 10 cikin 100 na fansho da dokar 2014 ta ɗora wa mai ɗauka, da kashi 1 na asusun diyyar ma'aikata. Duk wannan ana biya tun watan farko, lokacin da mutum bai fara mayar da komai ba. Sai lokacin tsohon hannun da zai bar rabin aikinsa yana nuni, da kayan da za su lalace a hannun mai koyo. In ya tafi a wata na biyu, duk an zuba a rariya, a koma talla daga farko. Dokar ƙwadago ta ba mai ɗauka wata 3 ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Ni a ganina ranar farko ya kamata, kuma cikin nuna makama take.

Na riga na saka layin a takardar maigida, tsakanin ɗauka da horarwa. Ranar Litinin sabon mai sito zai kama aiki. Sunansa yana hannun maigadi tun yau, littattafan biyu suna kan teburinsa, kuma an ware masa wanda zai bi shi mako biyu. Shi wannan mutumin na rubuta shi da "mai nuna makama". In akwai wanda ke da suna mafi gajarta daga bakin 'yan kasuwa ko makera, ya turo kafin Juma'a, ranar zan kai takardar.