"Tun ran gini, tun ran zane": ta dace da cinikin dabbar da ba a ɗauka ba?

Mai Kiwo: Jama'a, na sayar da akuya mai ciki, mai saye ya ba da kafin alƙalami, ya ce zai zo ya ɗauka. Sai ga wani dattijo ya ce mini, "Yaro, tun ran gini tun ran zane." Me yake nufi a nan?

Dillali: Zanen ado a jikin bango ana yin sa ne tun ƙasa tana ɗanya. In ta bushe, sai kankara. Dattijon cewa yake ka faɗi sharuɗɗanka ranar da ciniki ya faɗa: ranar ɗauka, wa zai ɗauki nauyin harawa da dusa in an wuce ranar, wa zai biya magani. Kuma tunda mai ciki ce, ku fayyace maganar ɗan. Cikin akuya wata 5 ne, ba ya jiran mai saye ya shirya.

Ɗalibi: Ni ina ga "ba a cinikin biri a sama" ta fi zama daidai.

Dillali: A'a ƙanena. Wannan ta abin da bai shiga hannu ba ce. Akuyar nan tana ɗaure a turke, an ganta, an shafa ta, an taya, an sallama.

Inna Mai Tumaki: Ku dai kuna ta harawa, kun bar babbar magana. In ta kwanta ta mutu cikin dare fa? Asarar wa? Nan ne zumunci yake lalacewa. Mai saye ya ce ban karɓa ba, mai sayarwa ya ce ai ajiya ka bar mini.

Malam: Inna ta taɓo wurin. Malamai ma sun saɓa. A mazhabar Malikiyya, ingantaccen ciniki na dabba ayyananniya yana mayar da lamuni, wato ɗaukar asara in ta mutu, kan mai saye tun daga ƙulla shi, in ban da wasu yanayi. Hanafiyya da Shafi'iyya kuwa sun bar shi kan mai sayarwa har sai an karɓa. Kafin alƙalami ma haka: Hambaliyya sun yarda mai sayarwa ya riƙe in mai saye ya fasa, Malikiyya sun hana. To in littattafai sun rabu, yaya mutum biyu da ba su furta komai ba? Ragowar kuɗin bashi ne, aya ta 282 cikin Baƙara ta ce a rubuta.

Ɗalibi: Allah gafarta Malam, amma in ka fito da takarda mutum zai ce ba ka yarda da shi ba.

Inna Mai Tumaki: Ya ce mana! Kunyar minti ɗaya ce. A sa wa dabbar shaida, a ɗauki hotonta a waya, a kira mutum biyu. Amma fa karin maganar ba ta wanke mai sayarwa ba. Muddin tana garkensa, ruwa da inuwa wajibinsa ne, in ya yi sakaci shi zai biya.

Mai Kiwo: To ni da ginina ya riga ya bushe fa?

Dillali: Bai bushe ba tukuna, ai ba ta haihu ba. Kira shi yau, ku yanka rana.