Wai Edison ɓarawo ne?

Baban 'Yan Biyu: Jama'a, yau kwana uku babu wuta a layinmu, ga yaro ya dawo da aikin gida wai wa ya ƙirƙiro ƙwan lantarki. Da tocilan waya muka rubuta "Thomas Edison, 1879". Abin ya tsaya min a rai wallahi. Mutumin nan ɓarawo ne. Joseph Swan ya riga shi kunna ƙwai a Ingila, amma har gobe sunan Edison ake ɗura wa yaranmu.

Malamin Kimiyya: Alhaji, "ɓarawo" ta yi nauyi. Kowa a ƙasarsa yake aikinsa. Swan ya nuna nasa a Newcastle a farkon 1879, sai dai ƙwan ba ya jimawa yake mutuwa. Edison da yaransa suka yi ta gwaji har suka dace da zaren gora, wato siririn zaren da ke haske a cikin ƙwan, mai kai awa 1,200 yana ci. A 1883 ma kamfani ɗaya suka haɗa a Ingila, ƙwansu ana ce masa Ediswan. Ka taɓa ganin wanda aka yi wa sata ya haɗa jari da ɓarawonsa?

Mai Shagon Lantarki: Sau nawa kuma! Shigo kasuwa ka sha kallo, Malam.

Na Bayan Liman: A yi hattara da harshe. Sata tana da sharuɗɗa: a ɗauki abin da ya kai nisabi, a ɓoye, daga ma'ajinsa. Wace ƙofa Edison ya ɓalle? Mutum ya mutu tun 1931, ba shi da bakin kare kansa.

Baban 'Yan Biyu: Allah gafarta Malam, ni ban ce a yanke masa hannu ba.

Na Bayan Liman: To ka ce "mai wayo".

Mai Shagon Lantarki: Ko dillali. Ai saye yake yi. Akwai wasu 'yan Kanada biyu, Woodward da Evans, da ya sayi takardar mallakar ƙwansu. Wanda ya biya kuɗi ba a ce masa ɓarawo.

Mai Wayarin: Dole ka ce haka mana. Ƙwai shida na saya a wajenka kafin salla, huɗu ba su ga sallar ba.

Mai Shagon Lantarki: Wayarin ɗinka ne ya cinye su. Kuma cikon kuɗina fa?

Autan Zaure: Yayyena ku bar wannan, ku tambayi Tesla abin da Edison ya yi masa.

Baban 'Yan Biyu: Mai motar?

Autan Zaure: Haba Kawu! Nikola Tesla, sunansa aka sa wa motar. Ya yi wa Edison aiki a 1884, aka yi masa alkawarin dala 50,000 aka hana shi. In wannan ba sata ba ce mece ce? Kuma wutar AC, mai sauya alkibla, da ke shigowa gidajenmu shi da mai kamfani Westinghouse suka tsaya mata, Edison ya kafe kan DC, mai bin hanya ɗaya.

Baban 'Yan Biyu: Gidajenku dai. Nawa babu mai shigowa.

Malamin Kimiyya: Auta, labarin dala 50,000 daga bakin Tesla kansa ya fito, kuma manajan kamfanin ya ce ya yi masa alkawarin, bai ce Edison ba.

Autan Zaure: Manajan wa? Malam, kai dai ɗan Edison ne tun muna aji uku.

Na Bayan Liman: Saɓa alkawari daban, sata daban.

Anti Admin: Duk kun ƙi ambatar mutum ɗaya saboda baƙar fata ne. Lewis Latimer. Iyayensa daga bauta suka gudo, shi ya koya wa kansa zane, shi ya zana wa Bell takardun tarho a 1876. Ƙwan nan nasa ne.

Malamin Kimiyya: Hajiya, Latimer gwani ne, babu ja. Amma takardar mallakarsa ta 1882 kan hanyar sarrafa zaren gawayi ce don ya daɗe, kuma a lokacin kamfanin Hiram Maxim yake wa aiki, abokan hamayyar Edison. Sai 1884 ya koma wajen Edison. Ya gyara ne, bai ƙirƙira ba.

Anti Admin: Da Edison ya gyara na Swan ka ce ƙirƙira. Da baƙi ya gyara ka ce gyara. Mun gane.

Na Bayan Liman: Ita ma "ƙirƙira" ɗin a sassauta. Gora wa ya halicce ta?

Malamin Kimiyya: Ƙirƙira daban, halitta daban, Malam. Ko masaƙi yana ƙirƙiro sabon zubi.

Mai Wayarin: Ni dai na ga ɓarawo, ba a Amurka yake ba.

Mai Shagon Lantarki: Kama suna in ka isa.

Baban 'Yan Biyu: Cajina saura 4. Me yaron zai kai makaranta gobe?

Anti Admin: Na rufe nan. Abin da zaure ya cimma: an danne haƙƙin Latimer, kuma babu wanda ya iya musantawa. Malamin Kimiyya ya kawo shekaru da yawa, Allah ya ƙara basira, amma shekara ba hujja ba ce. Kalmar "ɓarawo" an janye ta don girman Malam, ma'anarta tana nan. Masu rigimar ƙwai shida ku koma ta bayan fage, ko da yake ni ma biyu na saya suka mutu. Alhaji, yaro ya bar Edison ɗin don ya ci maki, ya ƙara Latimer a ƙasa.

Baban 'Yan Biyu: Swan fa?