Kok ko soson EVA: da wanne zan yi mariƙin sandar fatsa?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum. Ina haɗa sandar fatsa ta zaren kabon mai tsawon ƙafa 7, ta jifa da ƙaramin kifin roba a ruwan daɗi. Mazaunin ril, wato wurin da ake ɗaura na'urar naɗe zaren fatsa, na nan a hannu, saura mariƙi. Wasu sun ce kok, ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba da shi, wasu sun ce soson EVA, wani irin soson roba. Wanne ya fi, kuma yaya ake ɗora shi?

Mai Magagari:
Wa alaikumus salam. Ga sandar da za ka yini kana jifa da ita, kok ne. Ba shi da nauyi, ba ya santsi sosai in ya jiƙe, kuma da yake ya fi soso tauri, ɗan taɓin da kifi ke yi wa ƙugiya yana isowa tafin hannu.

Sayi zobban kok ka haɗa da kanka. Wanda aka saba yana da faɗin inci 1¼, kaurin rabin inci, ramin tsakiya kwatan inci. Mariƙin bayan ril mai inci 9 ke nan zai ci zobba 18. Kada ka yarda da tambarin "AAA" da makamantansa, don babu ma'auni ɗaya, kowane mai sayarwa da nasa. Idonka ne alƙali: dubi ramukan da ke jikin zoben. Mai arha an cike ramukansa da ƙullun ciko, kuma ruwa na wanke cikon bayan 'yan watanni.

Jera zobban a doguwar ƙusa mai noti wadda ka shafe da kakin kyandir don kada gam ya kama ta. Shafa gam ɗin ifoksi kaɗan tsakaninsu, ɗaure notin har gam ya ɗan tsatso, ka bari ya kwana. In ka cika gam, layinsa ya fi kok tauri, samfefa za ta ci kok ta bar layin a tsaye. Sassaƙa da samfefa lamba 80, sai 120, 220, ka gama da 400. Ramin tsakiya kuwa, faɗaɗa shi da siririn magagari mai tsini kaɗan-kaɗan kana gwadawa a jikin sandar. Kok ba ya miƙewa. Ka tura shi da ƙarfi, tsagewa zai yi.

Ɗan Bakin Gaɓa:
Malam Mai Magagari ya yi bayani, amma a yi wa EVA adalci. In sandar za ta riƙa zama cikin bututun ajiye sanda a jirgin ruwa, ko za ta sha yauƙin tarwaɗa da ƙarnin abincin ƙugiya, kok zai guntsule ya yi baƙi. EVA sabulu da ruwa kawai yake so. Batun jin taɓin kifi ma ana ƙara masa gishiri, don yawancin motsin ta mazaunin ril da yatsan da ke kan sandar yake zuwa.

Ɗora EVA ya saɓa da na kok. Raminsa ya ɗan fi sandar ƙanƙanta, don miƙewa yake yi ya kama. Zura shi ta tsinin sandar har inda ya tsaya da kansa, ka shafa ifoksi tun daga nan zuwa inda zai zauna, gam ɗin ne zai zame masa mai. Kafa gindin sandar a ƙasa, tura da hannu biyu a tashi ɗaya. Ka tsaya a rabin hanya, ya kafe ke nan, sai wuƙa. Ifoksi mai minti 5 kuma kada ya zo kusa, nemi mai jinkirin bushewa.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai. Katako fa? Ya fi kyau a ido.

Mai Magagari:
Nauyi gare shi, kuma in ba a toshe shi da fanis ciki da waje ba, zai sha ruwa ya kumbura ya tsage. Bar shi a ɗan zoben ado ko cikin mazaunin ril. A bakin mariƙi da gindinsa sa zobe ɗaya na kok mai haɗin roba, don nan ne ke fara cinyewa.

Gwanin Zare:
Ko wanne ka zaɓa, mariƙi da mazaunin ril ne farko, zobban da zare ke bi su ne ƙarshe, don komai ta tsini yake shiga. Kankare sheƙin wurin da gam zai hau da soson goge mai laushi har ya dushe, amma kada ka ci zaren kabon. In za ka goge da sipirit, yi kafin kankarewa.

Mazaunin ril yakan fi sandar faɗi. Naɗa tef ɗin takarda wuri uku ka cike tazarar, sannan ifoksi ya rufe kowane naɗi gaba da baya har da tsakaninsu. Tef ɗin da ruwa ya samu ruɓewa yake yi, mazaunin ya fara juyawa a hannu.

Kafin gam, jera komai a bushe, ɗaura ril ɗin da za ka yi aiki da shi, ka ɗora sandar kan yatsa. In ta daidaita a gaban mazaunin ril kaɗan, da kyau. In tsini ya rinjaya, ƙara wa mariƙin baya inci ɗaya kafin ka yi tunanin cusa dalma a gindi, amma kada gindin ya wuce gwiwar hannunka, zai riƙa kama riga lokacin jifa.