Neman shawara: zagayen kwazazzaban Yuta da Arizona na Amurka a mota, da kwana a tanti

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu huɗu ne, za mu ɗauki motar haya daga Las Vegas a watan Agusta, kwana bakwai: Zion, Bryce, Antelope, sai Grand Canyon. A tanti za mu riƙa kwana, kuma muna so mu sauka har bakin kogin Kolorado da ke can ƙasan Grand Canyon mu hauro a rana ɗaya. Me za mu tanada?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, don Allah ku janye maganar sauka da haurowa a rana ɗaya, hukumar wurin ma hani take yi da ita. Bakin Grand Canyon na kudu ya kai tsayin mita 2,100, shi ya sa za ku ji iska mai daɗi a sama, alhali can ƙasa zafi kan haura digiri 40. Gangara ba ta da wuya, sai an juyo ake gane kuskure, domin hawa yana cin ninki biyu na lokacin sauka. In kun yi awa biyu kuna gangarawa, ku lissafa awa huɗu. Ku bi hanyar Bright Angel, tana da inuwa da famfunan ruwa, amma ku tambaya ko suna aiki ranar. Ta South Kaibab babu ko ɗigo. Ku fita bayan sallar asuba, goma na safe ta same ku a inuwa.

Amsa ta biyu: Agusta damina ce a can. Ruwan sama zai sauka nesa inda ba kwa gani, dutse ba ya shan ruwa, sai duk ya tattaru ya biyo matsattsen kwazazzabo da itatuwa da laka, ga bango hagu da dama ba wurin hawa. Haka mutum 11 suka rasu a Antelope a 1997, wasu bakwai kuma a rana ɗaya a Zion a 2015. Kafin ku shiga Narrows, matsattsen kwazazzabon da kogin Virgin ke ratsawa a Zion, ku duba hasashen ambaliya a ofishin baƙi. In ruwa ya fara gurɓacewa, ko kun ga ganye da kirare suna tahowa, ko kun ji rugugi, ku nemi tudu nan take. Kada ku kafa tanti a busasshen rafi komai laushin yashinsa. In da hali, ku ɗaga tafiyar zuwa Oktoba.

Amsa ta uku: Ruwan sha lita huɗu ga kowa a rana, ban da na girki da alwala, don haka jarka biyu masu lita 20 kada su rabu da but ɗin mota. Ruwa zalla ba ya isa: zufa na fitar da gishiri, sai jiri da amai. Ku riƙe gyaɗa mai gishiri da ƙullin gishiri da sukari. Ruwan kogin Virgin kuwa ko an tace kada ku sha, akwai gansakuka mai guba.

Amsa ta huɗu: Malam, wurin kwana ku kama tun yanzu a Recreation.gov; zangon Watchman na Zion wata shida kafin lokaci ake buɗe shi. Hawan dutsen Angels Landing na Zion sai da izini, ta ƙuri'a. Antelope ƙasar ƙabilar Nabaho ce, ba a shiga sai da ɗan jagora, kuma ku kula da agogo: a watan Agusta Arizona tana bayan Yuta da awa ɗaya, waya kan rikice a kan iyaka.

Amsa ta biyar: Bryce ya haura mita 2,400, dare akwai sanyi, ku ɗauki rigar sanyi. Tanki ya kai rabi ku cika, ku duba safaya da jak tun a wurin haya, ku sauke taswira a waya don sabis yana ɗaukewa. Hanyar burji in ta jiƙe laka ce mai santsi, kuma yawancin kamfanonin haya sun hana bin ta. Da safe ku kakkaɓe takalma kafin ku sa, saboda kunama.