Ɗana yana neman dawowa gida, mahaifinsa ya ƙi

Wata uwa daga Kafanchan: 'Yan'uwa cikin Almasihu, ɗanmu na fari ya daina zuwa sujada, ya sayar da babur ɗin mahaifinsa ba da saninmu ba, ya bar gari, yanzu kuma yana roƙon ya dawo. Maigidana ya ce kada ya taka masa ƙofa. Shin karɓarsa ƙauna ce, ko ɗaure wa ɓarna gindi?

Dattijon ikilisiya: 'Yata, ki karanta wa maigidanki Luka sura 15 cikin natsuwa, misalin da Yesu ya bayar na ɗan da ya bar gida ya lalatar da rabon gādonsa. Uban nan ya hango ɗansa tun yana nesa, ya ruga ya rungume shi kafin yaron ya furta kalmar tuba ko ɗaya, alhali dukiyar ta riga ta salwanta. Sarki Dauda ma ya yi kukan ɗansa Absalom, wanda ya nemi ƙwace masa sarauta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Malamar yara: Gaskiya ne, Baba, amma kada mu manta da Eli firist, wanda Allah ya hukunta domin bai hana 'ya'yansa aikata mugunta ba. A ganina ku buɗe masa ƙofa, sannan ya biya kuɗin babur ɗin da guminsa, ko da kaɗan-kaɗan ne.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi: Mama, Monika ta yi shekaru tana addu'a da hawaye saboda ɗanta Agustin, wanda daga baya ya zama babban malamin ikilisiya, sai a shekarar 387 aka yi masa baftisma a Milan. Shin fastonku ya zauna da maigidan naki tukuna?